Ƙarfen Habu Ya Je Alƙahira Ya Dawo

Tun ranar da na sauka Haɗeja bakina bai huta ba. In na zauna a majalisa bayan la'asar sai a ce, Mai-ido, ba mu labarin Masar. In na fito daga masallaci a tare ni a bakin ƙofa. Har mai shayin tasha sai da ya ajiye buta ya tambaye ni wai da gaske ne na hau ƙanƙara da babur. Kowa guntu nake ba shi, mai son jin asibiti in ba shi asibiti, mai son jin abinci in ba shi abinci. To na ga gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, don akwai sashen da ban faɗa wa kowa a majalisa ba, kuma shi ne ya fi komai nauyi a kayana. Karatuna bai wuce firamare ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Kun san sana'ata, gyaran injin casar shinkafa da na niƙa, shekara arba'in da ɗoriya. Kun kuma san inda laƙabin Mai-ido ya samo asali, wai ni ba na awo, kallo ɗaya nake yi wa fuli biyu in ce sun daidaita ko ba su daidaita ba. Ga wanda ba bakanike ba, fuli su ne ƙafafun nan biyu da bel yake zagayawa a kansu, ɗaya a jikin injin, ɗaya a jikin abin da injin yake juyawa. In ba su kalli juna daidai ba, bel zai ci gefe ɗaya, ya yi zafi, ya tsinke.

Manyan cikinku za su tuna ƙanena Habu. Tare muke aiki, shekara ashirin da shida da suka wuce. Shi mutum ne mai son awo. Har Kano ya je aka goge masa wani ƙarfe mai kusurwa huɗu, tsawonsa kamar kamu ɗaya da rabi, miƙaƙƙe sambal, yana ɗora shi a kan fuli ya duba. Ni kuwa dariya nake masa. Wata shekara ana dab da kaka, wani mai injin casa ya kira mu mu yi masa gyaran shiga aiki. Ni na zaunar da injin, da ido. Cikin mako ɗaya bel uku suka tsinke. Habu ya ce, Yaya, fulin nan ba su daidaita ba, bari in sa ƙarfe. A gaban mai injin ya faɗa, da leburori suna ji. Kunya ta kama ni, sai na ce ai shi ne bai iya sa bel ba, shi yake ɓata su. Mai injin ya ce kada Habu ya sake taka masa wuri. Magana ta zaga gari, aiki ya tsaya masa. Bai cika wata biyu ba ya bi motar Agadas, daga can Libiya, daga can Masar.

Abin da ba ku sani ba shi ne, washegarin ranar da aka kore shi, bayan sallar asuba na ɗauki ƙarfensa a ɓoye na je na ɗora a kan fulin nan. Giɓin da na gani ƙaramin yatsana ya shige ciki. Na sassauta noti, na gusa injin, bel ɗin da na sa ya yi kaka biyu bai tsinke ba. Mutane suka ce Sale akwai ido. Tun daga ranar duk injin da na zaunar sai na koma da sassafe na auna shi da ƙarfen Habu, in naɗe shi a buhu in ɓoye. Wannan shi ne idon da kuke yabo.

Ba mu yanke zumunci ba, amma gaisuwar sallah ce kawai a waya, minti biyu. Da yanar ido ta rufe mini gani har na daina gane lambar sifana sai da lalube, ƙanwarmu ta gaya masa. Shi ya kira ni, ya ce in taho Alƙahira a cire, ya riga ya yi magana da likita. Wanda na kora shi ya kira ni. Da na zo haɗa kaya, na ɗauko ƙarfen na goge shi da baƙin mai, na naɗe shi cikin dardumar sallata. Na yi niyya ba zan dawo ba sai na miƙa masa, na faɗa masa gaskiya da bakina.

Daga Haɗeja zuwa Kano babu wani labari, sai dai direban ya zaunar da ni kusa da kwandon zabbi. A filin jirgi aka fara. Jakata ta hannu ta shige cikin na'urar nan mai ganin ciki, sai wani ma'aikaci ya ɗaga hannu.

"Baba, wannan fa?"

Na ce, "Ƙarfe ne."

"Na ga ƙarfe ne. Na mene ne?"

"Na ƙanena ne."

Ya dube ni, ya dubi abokin aikinsa. Ya ce, "Baba, a Masar ƙarfe ya ƙare ne?"

Suka ce ba a shiga jirgi da shi a hannu, sai cikin babbar jaka. Haka na durƙusa a tsakiyar jama'a na buɗe jaka, ƙullin kuka da daddawa da ƙanwarmu ta ba ni suka gangaro, warin daddawa ya cika wurin. Wata Hajiya ce ta taya ni tattarawa tana dariya. Ashe kujerunmu suna kusa da juna a jirgi. Hajiya Rabi sunanta, mutuniyar Maraɗi, tana zuwa kasuwar Ataba a Alƙahira saro abaya da takalma, ta ce zuwanta ya fi a ƙirga. Ita ta ɗaura mini ɗamarar kujera, ita ta buɗe mini abinci, ita ta cika mini takardar sauka, don ni layukan duk sun haɗe mini.

Ta ce, "Malam, mi ya kai ka Masar? Lahiya dai?"

Na ce ido.

Ta ce, "Ido kaɗai? Na ga yadda ka riƙe ƙarhen nan. Ko zinari ba a riƙe shi haka."

Na kau da kai wajen taga, ita ma ba ta matsa ba.

A Alƙahira sai aka sake kama ƙarfen. Wani jami'i mai gashin baki ya zare shi daga darduma ya yi ta juya shi. Hajiya ta tsaya tana yi masa bayani da Larabci, inda ya ƙi sai ta zuba Faransanci, shi ma ba ya ji, ni ma ba na ji. Can sai ya ɗaga ƙarfen ya kai idonsa, ya rufe ɗaya, ya leƙa tsawonsa kamar mai saita bindiga. Ya ce, "Tamam," wato ya yi daidai. Hajiya ta ce wai ubansa magogin ƙarfe ne, ya san aikin kirki in ya gani. Ya naɗe mini shi da kansa.

Da na fito wurin masu tarya, na hango wani dogo baƙi da farar riga, na nufe shi na kama hannunsa biyu ina cewa Habu, Habu. Bawan Allah ɗan Sudan ne, bai san ni ba, amma ya rungume ni yana amsa gaisuwa. Sai na ji murya a bayana.

"Yaya, ga ni nan."

Na juya. Yaron da na sani siriri ne kamar kara. Wannan kuwa dattijo ne mai tumbi da furfura. Muka gaisa, muka tambayi gida, ya ɗauki jaka.

Ya ce, "Duwatsun Haɗeja ka kwaso mana?"

Na ce kuka ce da daddawa.

Gidansa a Giza yake, hawa na bakwai. Can ba a cewa gida, shaƙƙa ake cewa, ɗakuna ne cikin dogon bene, maƙwabcinka yana samanka wani yana ƙasanka. Akwai mai gadin ƙofa da suke kira bawwab, wanda ya san abin da kowa ya ci jiya. Kwana ɗaya ya san sunana da ciwona, in na sauko sai ya kama hannuna ya ce ya hag, wato Alhaji, alhali ban je Makka ba tukuna. Abin da ya fi ba ni mamaki kwando ne. Matar Habu ba ta sauka sayen burodi. Kwando take zurawa da igiya ta taga, mai kaya ya zuba, ta ja. Na ce da za a kawo wannan Haɗeja, da akuya ta riga mai gida.

Matar sunanta Batula. Kakanninta daga ƙasar Kano suka tashi da ƙafa za su hajji, suka zauna a Sudan. Hausarta irin ta tsofaffin da ce, da Larabci a tsakani. Ranar farko ta yi mini asida, wanda tuwo ne dai aka sake wa suna, da miyar busasshiyar kuɓewa. Da ta ga daddawar nan sai ta kai hanci ta rufe ido, ta ce warin ɗakin kakarta ke nan. Da safe kuwa abincin Misirawa ake ci, wake da suke kira ful, an dafa shi ya yi laushi an zuba mai da lemon tsami, da ta'amiya, wadda ƙosai ce amma cikinta kore. Babu koko. Na tambaya, aka ba ni shayi baƙi a ƙaramin kofin gilas, sukarin cikinsa ya isa iyali guda.

Batula ce ta fara lura da darduma. Ta zo share ɗaki ta ɗaga ta, ta ce, "Yaya, dardumar nan taka ta fi ta kowa lada, ko? Hannuna har ya sage." Na ce ta bar ta a nan. Ni kuwa a kan ta Habu nake sallah, tawa tana jingine a naɗe.

Sau biyu na so in yi maganar. Na farko a kan ful da safe, na buɗe baki sai na ji kaina ina tambayarsa ko ana samun ruwan sama a garin. Ya ce ba sosai ba. Muka ci gaba da ci.

Ranar zuwa asibiti muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa zuwa Wustul Balad, tsakiyar gari. Jama'a kamar ranar kasuwa. Jirgi ya tsaya, aka turo ni daga baya, hannuna ya kuɓuce daga na Habu, na ga ƙofa a buɗe na shige. Ƙofa ta rufe. Sai na ji wurin yana ƙamshin turare, kuma duk muryoyin sirara ne. Ashe taragon mata ne, su kaɗai aka ware wa. Ni kaɗai namiji, da babbar riga da hula, ina juye-juye. 'Yan mata suna ta ƙyaƙyata dariya. Wata tsohuwa ta ja ni ta zaunar kusa da ita tana cewa ma'alish ya hag, ma'alish, wato ba komai, yi haƙuri. Har dabino ta ba ni. A tasha ta gaba Habu ya zo a guje yana haki.

Ya ce, "Yaya, kwana uku da zuwa har ka fara neman aure?"

Na ce, "Ita ta fara ba ni dabino."

Kalmar nan ma'alish ba ta da tsada a bakinsu. A taka ka a ce ma'alish, ka taka mutum shi ya ce maka ma'alish. Na yi ta jin ta ina tunanin ni shekara ashirin da shida na kasa furta irinta sau ɗaya.

Na biyu a asibiti ne. An sa mini rigar aiki, Habu yana zaune riƙe da hulata da takalmana a cinya kamar ƙaramin yaro. Na ce, "Habu, akwai wata magana." Ya ce, "Ina ji, Yaya." Sai ma'aikaciya ta leƙo ta kira sunana. Wallahi daɗi na ji da ta kira.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Ido ɗaya aka fara yi, bayan kwanaki aka yi ɗayan. Da aka cire auduga abin da na fara gani fuskar Habu ce, tsaf, da tamoji a goshi da wani tabo a haɓa da ban san lokacin da ya same shi ba. Na tambaye shi, ya ce a Libiya ne, tsohon zance. A nan na gane yawan abin da ya wuce ba na nan.

Ana saura kwana uku in dawo, likita ya ce zan iya yawo da baƙin tabarau. Habu ya ce in zo in ga wurin aikinsa. Ni dai na san bakanike ne, na ɗauka gareji ne irin namu. Na ɗauki darduma na rungume.

Ya ce, "Akwai masallaci a can, da shimfiɗu."

Na ce na fi sabawa da tawa.

Muka hau ƙaramar bas muka yi yamma da gari, rana tana dukan mota kamar a Gashuwa. Muka isa wani katafaren ginin kasuwa, muka bi ta ƙofar ma'aikata. Aka ba ni wata jibgegiyar riga da safar hannu da takalma masu nauyi. Na ce a wannan zafin? Habu ya ce in dai sa. Na cusa babbar rigata a ciki na zama kamar buhun auduga. Ya tura wata ƙofa mai kauri.

Jama'a, tudu ne guda na dusar ƙanƙara a cikin ɗaki. Fari fat, daga sama har ƙasa, da fitilu. Injina ne suke yin ta. Mutane suna biya su shiga su ji sanyi, su zame daga sama su faɗi su tashi suna murna. Mu da muke hura wuta in sanyi ya zo, su kuwa saye suke yi. Taku uku na yi na zauna daɓas ba da niyya ba. Darduma dai ban sake ta ba.

A gefen tudun akwai ɗakin gyara, can sanyin da sauƙi. A ciki na ga abin da mai shayi yake tambaya, babur ɗin ƙanƙara. Ba shi da taya. Gabansa wasu dogayen faranti biyu ne masu zamewa, bayansa kuma wata faffaɗar roba mai haƙora tana juyawa kamar ta katafila. Da shi ma'aikata suke hawa tudun, su ja kaya, in wani ya faɗi ya ji ciwo su ɗauko shi. Habu ya ce wurin a buɗe yake duk shekara, amma lokacin cikarsa in an rufe makarantu ne da zafi, baƙi su zo daga ko'ina. Kafin lokacin sai an kwance baburan an duba komai, don in aiki ya kankama babu damar tsayawa. Na ce ashe ku ma kuna da kaka. Ya ce, "Ita ce, Yaya."

Abokin aikinsa wani Bamisire ne gajere mai barkwanci, Usta Ramadan. Usta shi ne babban bakanike a wurinsu, Habu ma Usta Abubakar suke ce masa. Sun riga sun buɗe gefen babur ɗin. Na leƙa da sabon idona. Fuli biyu ne da bel. Su kuloci suke kiransu, don kowane faranti biyu ne masu buɗewa da rufewa, su matse bel ko su sake shi gwargwadon gudun injin, ba a sa giya. Na gaba yana jikin injin, na baya yana juya robar nan mai haƙora. Amma dai fuli ne da bel, abin da na tsufa a kansa.

Habu ya zare bel ɗin ya miƙo mini. Gefe ɗaya lafiya lau, ɗayan ya cinye har zare ya fito, ga baƙin gari ya taru a ƙasan murfin. Usta Ramadan yana ta magana da hannu, Habu yana fassara mini. Wai shi a ganinsa bel ɗin ne ya tsufa, a sa sabo, khalas, shi ke nan, a tafi shan shayi. Habu ya ce ba zai sa sabon bel ba sai ya duba daidaiton kulocin.

Sai Usta Ramadan ya juyo ya dafa kafaɗata ya yi wata doguwar magana. Habu ya fassara.

"Ya ce na taɓa gaya masa yayana babban usta ne a ƙasarmu, da ido yake gane fuli. Ya ce ga ido sabo an sa maka, ka duba mana ka raba gardama."

Na dubi Habu. Ba ya dariya, ba ya kuma fushi, jira kawai yake. Na cire tabarau na sunkuya na rufe ido ɗaya na leƙa, yadda na saba yi a gaban mutane. Wallahi daidai na gan su. Da na ce daidai ne, Usta Ramadan zai tafa, a sa bel, a sha shayi, in koma gida da dardumata a naɗe.

Na miƙe na ce, "Idona ya ce daidai suke. Amma idon nan ya taɓa yi mini ƙarya, na biye masa na yi wa wani ƙarya. A sa ƙarfe."

Na shimfiɗa darduma a kan teburin aiki na warware.  Habu ya dubi ƙarfen ya daɗe. Ya ɗauka ya shafa gefen da ya sa wa alama da zarto, harafin sunansa.

Na ce, "Habu, fulin mai casa ba su daidaita ba. Kai ne da gaskiya. Washegari na auna da wannan, yatsana ya shige. Na gyara na yi shiru, na bari aka ce kai ne. Duk sunan da na yi da ƙarfenka na yi shi. Ka yafe mini."

Usta Ramadan bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya daina magana, ya koma gefe yana goge sifanar da ba ta da datti.

Habu ya ce, "Yaya, na sani."

Na ce, "Ka sani?"

"Ranar da zan tafi na nemi ƙarfena ban gani ba. Daga baya aka ce mini bel ya daina tsinkewa. Injin ba ya gyara kansa." Ya ɗan yi murmushi. "A filin jirgi ma da na ɗaga jakar na ji nauyinsa. Batula ta zo ta ce mini akwai ƙarfe a dardumar Yaya, na ce ta bar shi, zai fito da kansa. Na yafe tun ina Libiya. Ji kawai nake so in yi daga bakinka."

Na ce, "Shi ya sa ka kawo ni nan?"

Ya ce, "Na kawo ka ka ga ƙanƙara. Riƙe mini nan."

Ya buɗe farantin kuloci na baya ya zura ƙarfen a tsakani, ya kwantar da shi har ya wuce na gaba. Ni na riƙe ƙarshen. Ya ɗauko ma'auni ya auna tazarar da ke tsakanin ƙarfen da bakin farantin na gaba, ta gaba sau ɗaya, ta baya sau ɗaya, ya duba littafin babur ɗin. Awon biyu ba su zo yadda littafin ya ce ba. Bambancin bai fi kaurin tsinken ashana ba, abin da ido ba zai taɓa kamawa ba ko sabo ne. Ya ɗauko nasu ƙarfen awon, wanda aka ƙera don wannan babur, ya sake aunawa. Abu ɗaya suka faɗa. Usta Ramadan ya ɗaga hannu biyu sama ya sara wa tsohon ƙarfen Kano.

Habu ya ce in kuloci ya gusa gaba ɗaya, washa, wato siririn zoben ƙarfe, ake ƙarawa ko a rage a bayan na baya. Amma in awon gaba da na baya suka saɓa, to injin ne ya karkace a mazauninsa. Muka bi robobin da injin yake zaune a kansu ɗaya bayan ɗaya. Ni na gano ta, ta ƙasa can ciki, ta tsage ta lotsa. Wannan kam ido ya yi amfani. Aka sa sabuwa, aka ɗaure noti, aka sake awo, aka ƙara washa ɗaya siririya, aka sake awo. Sai da ya zo daidai sau biyu sannan Habu ya goge farantan tas ya sa sabon bel, ya duba kibiyar da ke jikinsa don kada ya juya shi baibai, ya danna tsakiyarsa da yatsa ya ga sassaucinsa.

Aka tayar da babur ɗin. Habu ya hau, ya ce in hau baya. Na ce ni da likita ya hana ni girgiza? Ya ce a hankali zai tafi. Ya yi ƙarya. Hulata ta tsaya a rabin tudu, Usta Ramadan ne ya tsinto ta. To mai shayi, amsarka ke nan, na hau, amma a baya, ido a rufe, ina riƙe da tumbin ƙanena.

Ranar dawowa Batula ta cika mini jaka da dabino da ganyen shayi, bawwab ya rungume ni kamar mun shekara. Na ɗauki darduma na ji ta da nauyi. Na warware, ga ƙarfen a ciki.

Na ce, "Habu, ai naka ne, kawo maka na yi."

Ya ce, "Ni ina da nawa a wurin aiki. Ka koma da shi. Amma ba cikin buhu ba, Yaya."

Aka sake tare ni da shi a filin jirgi, can da nan. Wannan karon da aka tambaye ni na mene ne, na ce na awo ne, da shi nake aiki.

Mai injin casar nan ya rasu da daɗewa, Allah ya ji ƙansa. Ɗansa ne yake riƙe da wurin. Kwana biyu da dawowata na je na same shi a gaban leburorinsa na faɗa masa abin da ya faru, duk da lokacin yana goye. Sai ya ce, to Baba, kaka ta kusa, ko za ka duba mana injin? Na ce zan duba, da rana tsaka, kowa yana kallo.

Masu tambayata wane ƙarfe ne na rataye a ƙusa a bakin gareji, yanzu kun ji. Na Habu ne. Duk bakaniken da yake so ya zo ya ara, ya dawo da shi. Sunana kuma Sale. Wanda ya saba da ɗayan sunan ya yi ƙoƙari ya bari, ni ma ina ƙoƙarin daina amsawa.